Kanwa a tafin hannuna

Shekarar da aka yi husufin rana, Baba, Allah ya jiƙansa, yana kwance da karaya a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Wata la'asar dokinsa ya harɗe ƙafa da igiyar turke, yana fizga har jini ya fito. Daga ni sai Baba a gidan, kuma dokin bai taɓa yarda da ni ba.

Baba ya ce, "Uwata, kada ki bi ta bayansa. Ɗebi kanwa, buɗe tafinki, ki tsaya."

Na yi bisimilla, na ɗebi kanwa, na miƙa wa dokin tafina. Ya daɗe yana huci kafin ya lasa. Har yau ina jin ɗumin numfashin nan. Na durƙusa na warware igiyar, kofatonsa daidai goshina, bai motsa ba.

Sai da na miƙe Baba ya numfasa. "To, gobe ke za ki ba shi dusa."