Ƙofar Ajin Adabi

Bayan an tashi, malamin adabi yana goge darasin mutuntarwa, wato ba abu halin mutum, daga allo sai malamar lissafi ta shigo.

Ya daɗe yana kallonta. "Malama, shekara biyu da gama takabarki. Ki bar ni in turo magabatana."

Ƙofar ajin ta rufe kanta a hankali, alhali ko iska babu.

Ya yi yaƙe. "Na samo wa ɗalibai misali: ƙofa ta yi kishi."

"Ba adon magana ba ne, Malam. A ajin nan marigayi mijina yake koyarwa." Ta dubi ƙofar. "Mutum biyu sun nemi aurena kafin kai, duk an binne su. Kai ina sonka. Don Allah ka janye."