Wadda Ta Dawo Daga Teku

"Mama, albishirinki," in ji ma'aikacin inshora, yana jujjuya kyamarar da masuntan tsibirin Pemba suka tsinto a raga. "Ko ɗigon ruwa bai shige ta ba, babu abin biya. Wa ya zaɓo miki? Wallahi gwani ne!"

"Maigidana," na ce.

Sana'arsa nutso, yana ɗauko hoton kifaye. Shago-shago ya bi a tsibirin Unguja, yana latsa robar murfin kyamarori, kafin ya yarda da wannan. Ita ya yi wa inshora, shi kuwa wai teku ta san shi. Ya ce duk zurfin da kyamarar ta je sai ta dawo gida.

Na kwantar da ita a matashinsa. Bai yi ƙarya ba, ita kam ta dawo.