Ƙorafin Manu

Talatin da huɗu. Saudat ta sake latsa wayar ko lambar za ta ji kunya ta motsa, amma ina. Kwana uku ta yi tana rubuta maƙalar nan, har gonar kawunta ta je a Gagarawa, ga shi mutum talatin da huɗu kacal suka buɗe. A cikinsu ma har da ita sau biyu.

Mudathir, editan shafin intanet ɗin da take yi wa rubutu a Gumel, bai ɓoye mata ba. Filinta na noma, "Gindin Rumbu", shi ne kurar baya, alhali labarin auren 'yan fim kan sami dubu tara a yini guda.

"Malama Saudat, na ba ki zuwa ƙarshen wata," in ji shi. "Ki nuna min akwai masu karanta ki, in ba haka ba 'yan ƙwallo zan ba filin."

Duk wannan bai ƙona mata rai kamar Manu ba. Manu wani ne a zauren WhatsApp da take tura maƙalunta duk mako. Ba hoto, ba gaisuwar kirki, bai kuma taɓa cewa sannu da ƙoƙari ba. Sau ɗaya yake magana a mako, da yamma, kuma kullum ƙorafi ne.

"Malama, jimlar nan ta yi tsawo, numfashi na ƙarewa kafin a kai ƙarshenta." Saudat ta yi tsaki. Wa ya ce masa da huhu ake karatu? Wani makon kuma: "Ki daina cewa a duba hoton da ke ƙasa, ki faɗi abin da ke cikin hoton." Hoton da ta sha rana ta ɗauka ke nan. Da ta rubuta kilo, ya ce ta koma tiya. Da ta koma tiya, ya ce in ta kawo adadi ta riƙa maimaita shi sau biyu. Har cewa ya yi ta riƙa sa muhimmin abu a farko, don in la'asar ta gabato hankali rabuwa yake yi.

Abin haushin shi ne ta gwada, kuma rubutun ya fi daɗi. Ita kanta ta san haka, ba ta dai so ta yarda. To amma lambar tana nan inda take, shi kuwa bai fasa ba.

A mako na uku ta ɗauki shawarar Mudathir, ta raba maƙalar adana wake gida biyu don a dawo neman ragowar. Kashi na farko ya yi bayanin shanyawa da sheƙewa da zuba waken a buhu mai leda biyu, ya tsaya daidai inda za a faɗi tsawon lokacin da za a bar shi a ɗaure da ranar da ya kamata a duba. Da yamma sai ga Manu.

"Malama, wannan ba daidai ba ne. Wake na cikin buhu, ƙwaro ba ya jiran mako mai zuwa."

Nan haƙurinta ya ƙare. Aikinta na shirin suɓucewa, mutum ɗaya kuma ya mai da ita 'yar aikin gidansa. Ta danna sunansa, ta cire shi daga zauren, ta toshe lambarsa. Da ta tura kashi na biyu, mutum talatin da uku suka buɗe.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, ta yanke shawarar zuwa farautar masu karatu da ƙafarta. Ta shiga mota zuwa Sule Tankarkar, ta hau babur zuwa Ɗanzomo, ranar kasuwa ce. Nufinta ta tara lambobin manoma ko hamsin ne, ta sa su a zauren.

Ba ta sami ko biyar ba. Duk wanda ta tsayar sai ya zaro ƙaramar waya mai madannai, wasu a ɗaure da roba. A layin hatsi ta ga buhunan wake da yawa, kowace leda an matse mata iska an ɗaure ta daban, ɗauri mai kyau. Ta ce a ranta wata ƙungiya ta riga ta zuwa nan, su da ke da mota da kuɗin taro. Takaici ya ishe ta, ta zauna wajen wata mai ƙosai tana lissafin yadda za ta gaya wa Mudathir ta haƙura.

Ana idar da azahar kasuwar ta fara motsi gefe guda. Masu hatsi suka rufe buhunansu, masu awaki suka ja igiya, har mai ƙosan ta sauke kaskonta. Saudat ta bi su zuwa gindin wata tsamiya, inda mutum ya fi ɗari uku, maza a gaba mata a gefe. Wani dattijo na tsaye a kan amalanke da lasifika a rataye, yana ta latsa wata waya mai fasasshen gilashi.

"Iya, me ake yi a nan?" Saudat ta tambayi mai ƙosan.

"Mai shelar gari ne, 'yar nan. Yi shiru, yau za mu ji ragowar."

Dattijon ya daɗe yana latsawa. Daga baya ya sa wayar a aljihu, ya ɗaga lasifikar.

"Jama'a, ku yi haƙuri, yau babu karatun Malama Saudat, kuma ban san ranar da za ku duba wakenku ba. Na kai mata koke-kokenku har ta gaji, ta kore ni, ni Manu, daga zaurenta."