'Yar Ƙusar Burki

"Wai ka mayar wa sandar nan 'yar ƙusarta kuwa?" Tambayar da wata matar aure ta jiyo ke nan daga bayan zana tana tankaɗe, ƙanin surukinta yana yi wa maigidanta. Shi maigidan wata tsohuwar mota ya gada daga mahaifinsa, wadda ta yi shekaru a gindin darbejiya har kaji suna ƙwai a cikinta, sai ya ɗauri aniyar tayar da ita. A irin motocin nan na da, abin taka kuloci da abin taka burki a jikin sandar ƙarfe ɗaya suke rataye. Abin da ke hana sandar zamewa kuwa wata 'yar ƙusa ce mai ƙafa biyu, ba ta kai ɗan yatsa ba, a zura ta cikin hudar sandar a tanƙwara ƙafafun. Tasa ta faɗi a ƙasa ta ɓace, sai ya karyo tsinken tsintsiya ya cusa kafin ya samo wata. "Kai Baba," in ji shi yana dariya, "bari a gama fenti tukuna, wannan ai ba aiki ba ne." Tsohon ya zura takalmansa ya tafi.

Washegari tana shara ta tsinci ƙusar a cikin ganye. Ta gane ta, don ta sha leƙen aikin ta kafar zana. Ta ƙulle ta a bakin zanenta da niyyar ba shi. To amma in yana wajen motar, abokai ne kewaye da shi, ita kuwa ba ta iya fita gaban maza. In ya shigo cin tuwo, zancensa bai wuce fenti da fitilu da ƙyallen kujera ba, sai ta ji nauyin katse shi a kan ɗan ƙarfen da ko kaza ba za ta waiwaya ba. Yau gobe, yau gobe, har ta kwance ƙusar ta jefa a gwangwanin allura. Ranar da mota ta tashi, shuɗiya shar tana ƙyalli, unguwa duk ta fito kallo. Ya karkace hula ya ja ta ya nufi gangaren kududdufi. Yana taka kuloci zai sauya giya, tsinke ya karye, sanda ta zame, abin takawa duka biyun suka zube ƙasa. Ya taka burki, ya sake takawa, iska kawai. Motar ta gangara abinta kamar saniya za ta sha ruwa, ta shige laka har tagogi. Ya fito goshi a tsage, hularsa tana yawo a kan ruwa.

Da shanun noma aka jawo ta. Wasu suka ce kambun baka ne, wasu suka ce motar mamaci dama ba ta son a tashe ta. Tsohon ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya zaro guntun tsinke, ya duba, ya yar. Ita kuwa ta dafa ruwa ta gasa wa maigida goshi. Da ya fita, ta ɗauko ƙusar daga gwangwani, ta jima tana juya ta a tafin hannu, sannan ta ajiye ta a kwanon ƙarafansa, a sama, inda ba zai kasa gani ba. Ta ƙudurta a ranta ba mai jin wannan daga bakinta, ko da uwar da ta haife ta ce. Shi ƙusa ya raina, ita kuma 'yar maganar da ba ta fi ƙusar tsawo ba. Gaskiyar masu iya magana: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.