Rijiyar da Aka Zuba wa Magani Ba Sallama

Tasi'u, ajiye wayar nan tukuna. Ka ce za ka tura muryar kawunka zauren dangi, kowa ya ji shirmen da yake yaɗawa, a yi masa dariya ko ya daina. To ni da kai raina ya fi ɓaci, ba da shi ba. Gyara zama in ba ka misali.

A wani ƙauye an yi wani manomi da ƙanensa, gida ɗaya, zana ce kawai tsakaninsu. 'Ya ɗaya tak Allah Ya ba manomin, yarinya ce da ba ta daɗe da fara zuwa ɗiban ruwa ba, kuma duk duniya ba abin da yake tsoro kamar abin da zai taɓa ta. Duk garin rijiya ɗaya suke sha, tana kuma da ƙa'idarta tun kaka da kakanni: ko yasa za a yi mata, sai an gaya wa mai unguwa, an yi shela, dattawa sun tsaya a bakinta. Wata damina amai da gudawa ya ɓarke a ƙauyukan kewaye. Sai ga wasu ma'aikata daga birni a mota da rana tsaka, maza duk suna gona. Ba su yi wa kowa sallama ba. Suka kwance leda, suka zazzaga farin gari a rijiya a gaban mata, suka kaɗe hannu suka wuce gari na gaba. Maganin kashe ƙwayar cuta ne, alheri suka zo yi. Amma don Allah, wane irin alheri ne ake yi wa mutum kamar ana yi masa sata? Kafin magariba warin ruwa ya canza, ba wanda ya san dalili. A makon kuma matar manomin ta yi ɓarin cikin da suka daɗe suna roƙon Allah. Yana cikin wannan zafi wani mai tallan magani a kasuwa ya ja shi gefe, ya ce ai garin nan na hana haihuwa ne, manya sun haɗa baki za su rage talakawa, ƙananan yara mata ma kashe musu mahaifa yake tun ba su girma ba. Manomin bai manta ba, an taɓa kawo musu taki a irin wannan mota, ashe rabinsa yashi ne. Ƙarya ce tsagwaronta aka yi masa, na yarda. Sai dai ita kaɗai ce ta zo ta zauna kusa da shi ta amsa tambayarsa, masu gaskiya kuwa tuni sun yi gaba.

Ƙanen ya yi karatu, ya san abin da aka zuba, ya san warin zai gushe. Me zai hana ya sami yayansa a gindin rumbu su biyu, ya yi masa jaje, ya ce ba su kyauta ba da suka zo ba sallama, amma ga abin da ke ciki? Ya ja guga ya sha a gabansa, ya ba nasa 'ya'yan? Ina! Sai ya bari aka taru wurin suna a gidan surukan yayan, tabarmi cike, manomin ya fara ba da labarin, shi kuma ya tuntsire da dariya. "Yaya, yanzu duk duniya an rasa wanda za a haɗa wa baki sai kai da awakinka biyu?" Wuri ya kwashe, har da surukin. Kai ma ka sani, wanda ka kunyata a gaban surukansa ka gama toshe masa hanyar komawa. Manomin ya miƙe, ya rantse da Allah ba mai ƙara shan ruwan rijiyar nan a gidansa.

Daga ranar iyalinsa suka koma kududdufin bayan gari, inda shanu ke sha, inda ruwan sama ke wanko ƙazantar gari duka. Yana ganin iyalin ƙanensa suna shan rijiya lafiya lau, har zuciyarsa ta fara saukowa. Matarsa ta ce ya yi kaffara a wuce wurin. Kaffarar ba ta fi ƙarfinsa ba, hatsi yana da shi. Abin da ya gagare shi shi ne tulun gidansa ya bi ta gaban ƙanen nan, wanda kullum suka haɗu sai ya washe baki ya ce, "Yaya, ina labarin maƙiya?" Yana ta cewa gobe, gobe, har safiyar da yarinyar ta tashi da amai. Ƙanen ne ya tuƙa babur, uban yana rungume da ita a baya. Ba su kai asibiti ba ta cika. Ga mai gaskiya nan a gaba yana kuka, gaskiyar ba ta tsinana wa kowa komai ba.

Mai tallan maganin nan ban wanke shi ba, Allah Ya isa tsakaninsa da uwar yarinyar nan. Amma ba shi ya fara ɓarnar ba, kuma ba shi ya ƙarasa ta ba. Don haka tashi ka je gidan kawunka, ka cire takalmi, ka zauna ƙasa, ka tambaye shi wa ya taɓa cutarsa da har ya daina yarda da kowa. Ka ji shi har ƙarshe kafin ka buɗe baki, in ka buɗe kuma ya zama ku biyu ne. Hausawa ba su faɗa a banza ba: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.