Ramukan Vendelin

Ramin da Vendelin Kocurek ya haƙa a bayan makaranta shi ne na ɗari da sha tara, kuma abin da ya fito daga ciki tsohon takalmin soja ne, wari ɗaya.

Shekara goma ke nan yana wannan fama. Lokacin babban yaƙi, sarkin Ostiriya ya ba da umarni a kwashe ƙararrawar kowace majami'a a narka, a ƙera igwa. Mutanen Brodkov sun ba da dawakansu, sun ba da 'ya'yansu, amma da aka zo kan ƙararrawa sai suka ce a kai kasuwa. Vendelin, wanda shi ke kaɗa ta, ya samu maza uku suka sauko da ita, suka tura ta rumbun tsoho mai gadin majami'a, da niyyar binnewa washegari. Washegarin aka kwashe su huɗun zuwa fagen daga.

Shi kaɗai ya dawo. Ya tarar babu sarki, babu daula. An sauya wa ƙasa suna, an sauya wa tituna, hoton da ke bangon gidan waya ma na wani tsoho ne daban. Mai gadi ya mutu da mura, rumbu kuma wayam. Da guntun ƙarfen titin jirgi ake kiran ibada, sai ka ce za a raba wa fursuna abinci.

Daga nan ya ɗauki shebur. Kowane wata sai ya ware Asabar ɗaya ya haƙa wani wuri. Ya tone lambun Fada mai jan ibada a majami'a, ya tone garken mahauci, ya taɓa zurarar da tafkin agwagi gaba ɗaya. Matan gari kuwa ba su gaji da taimakonsa ba. Kowace shekara sai wata ta tuna ta ga marigayi mai gadi ya tura amalanke wajen gonarta, kuma tunawar ba ta zuwa sai dab da shukar dankali.

Matarsa Apolena ba ta taɓa hana shi ba. Ita ce shugabar gidan wankin da mata suka gina da hannunsu lokacin yaƙi, bayan sun gaji da fasa ƙanƙara a bakin kogi. Namiji ba ya shiga wurin. Tururi ya yi yawa, baki ma haka.

Ana saura mako a yi bikin cikar sabuwar ƙasa shekara goma, magajin gari Hynek Baran ya aika aka kira shi.

"Vendelin, mu daina ɓoye-ɓoye. Gari ya zama kamar gonar gafiya. Ko ka fito da ƙararrawar nan kafin Lahadi, ko majalisa ta rubuta cewa kai ka sayar wa sojoji."

"Yallaɓai, da na sayar, wannan wandon zan sa?"

"Ɓarayi da yawa sun iya shigar talakawa. Lahadi na ce."

A gida ya zauna gaban miyar kabeji har ta huce.

"Ba a sayar da ita ba, tsoho," in ji Apolena.

"Ke ina kika sani?"

"Ci abincinka."

Bai ci ba. Cewa ya yi a hankali, maza ukun nan sun mutu da sunansu mai kyau, shi da ya rayu za a kira jikokinsa jikokin ɓarawo. Apolena ta daɗe tana kallonsa, cokali a hannu.

Ranar Asabar yana cikin rami na ɗari da ashirin, ƙasa har ƙugu, sai ga ta a kansa.

"Fito ka taya ni ɗaukar kaya."

Ta ja shi da hannun riga, shebur a kafaɗarsa, har cikin gidan wanki. Mata goma sha suka yi tsit lokaci guda, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin Brodkov.

"Apolena! Rantsuwa fa muka yi!" Matar mahauci ce ta fara samun bakinta.

"Na yi rantsuwa, amma aurena ya riga rantsuwar."

"To kogi za mu koma ke nan? Da wannan ciwon gwiwar tawa?"

"Majalisa za ta san yadda za ta yi da mu, ko su je biki da dauɗa."

Vendelin ya dubi wannan ya dubi waccan, bai gane komai ba, gumi kawai yake yi. Apolena ta karɓe shebur ɗin, ta ratsa tururi zuwa murhun bulo da ke tsakiyar ɗakin, ta ɗaga hannu ta maka wa tukunyar da ke kan murhun.

Ƙarar ta fito a shaƙe, kamar mai mura, amma Vendelin ya cire hularsa tun kafin ta mutu. Katuwar tukunyar da aka shekara goma ana dafa rigunansa a ciki ita ce ƙararrawar Brodkov, kai a ƙasa, baki a sama, cike da ruwan sabulu da wandunan magajin gari.