Tarar Hular Kwano

Ana shirin tashi sallar azahar mutumin ya iso tagar Wening, takardar tara a hannu ɗaya, ledar soyayyar awara a ɗayan. A garin Pemalang ba a zuwa neman alfarma hannu rabbana.

"Ba ni ne a kan babur ɗin ba, Mbak," in ji shi, yadda ake kiran mace da girmamawa a nan.

Wening ko kai ba ta ɗaga ba. Wannan magana ta ji ta har ta gaji a ofishin tarar hanya. Kyamara ta ɗauki lamba, takarda ta bi sunan mai abin hawa har gida, sai ka ga ƙato ya zo yana rantsuwa ƙaninsa ne ya ara, ko maƙwabci. Kowa waliyyi ne in ya zo tagar nan.

Ta buga lambar. Sunansa Tarjono, mai tuyar awara a bakin tasha. Laifin kuwa tuƙi ba hular kwano.

"To wa ke tuƙin, Pak?" ta ce, wato Malam a bakinsu. "In ba kai ba ne, ka faɗi suna, ka sa hannu, a mayar da tarar kansa."

"Matata ce, Rumini. Tun damina ta fita da babur da 'yarmu, har yau ban sake ganinsu ba."

Sai a nan ta dube shi. Siriri ne, tsaf-tsaf da shi, bayan hannuwansa duk tabon fallatsin mai irin na masu tuya. A hankali yake magana. Ya ce ba tashar da bai leƙa ba, dangin matar kuma sun daina ɗaga wayarsa. Da ta tambaye shi ko ya kai rahoto wurin 'yan sanda, sai ya girgiza kai, ya ce maganar cikin gida ce.

Wannan takarda ita ce abu na farko da ya nuna masa suna raye. Sai dai hoton da ke jikinta bai fi ɗan yatsa ba, ga duhu. Wurin ma ba a ce komai ba sai hanyar gaɓar teku, hanyar da mutum zai wuni a kanta bai ga ƙarshenta ba.

"Ba tarar ce ta dame ni ba. Ki taimake ni in san inda 'yata take."

Doka a fili take: babban hoto na ofis ne, ba a nuna wa na waje. Wening ta waiwaya. Abokin aikinta ya fita alwala. Tausayi ya kama ta, irin wanda ke sa mutum ya ga doka kamar mugunta, ta juya masa fuskar kwamfutar.

Ga mace nan a kan babur, ta yafa wani faffaɗan gyale sako-sako, ya rufe mata rabin fuska. Yarinya ƙarama na tsaye a tsakanin gwiwoyinta, ta riƙe madubi. Tarjono ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin taga. Bai daɗe a kan fuskokin ba.

"Ɗan ƙara girman nan bayan," ya ce.

Ta ƙara. Allon wani shagon ƙwai mai gishiri ya fito, sai buhunan jar albasa jibge a bakin wata babbar ƙofa.

"Ai kasuwar albasa ce ta Brebes," in ji Wening, har tana jin daɗin yadda ta gane. "Kuma dubi lokacin, da sassafe ne. Mata masu gyaran albasa ke shiga a wannan lokaci. In ka je gobe da safe za ka same ta."

"Yau ma ai ba su tashi ba tukuna," in ji shi.

Ya dafa ƙirji ya yi godiya, ya ce ya janye ƙorafin, tarar shi zai biya. Ya tura mata ledar ta ƙasan taga, ya fita da sauri. Wening ta raba awarar da 'yan ofis. Ta daɗe ba ta ji aikin nan ya yi mata daɗi kamar ranar ba.

Bayan la'asar, ana haɗa kujeru, wata tsohuwa ta shigo tana jan ƙafa, zaninta duk ƙurar mota. Ta kwance bakin gyalenta ta fito da kuɗi a dunƙule, ta karanto lambar babur da ka. Wening ta gane lambar tun kafin ta kai ƙarshe.

"Rumini ce ta kira ni, ta ce kyamara ta haska ta," in ji tsohuwar. "Na so zuwa tun lokacin, ciwon ƙafa ya kwantar da ni. Karɓi ki rufe maganar, 'yar nan, kada takarda ta je gidan mai babur."

"Kwantar da hankalinki, Mbah," wato Kaka, Wening ta ce tana murmushi. "Mai babur ya zo tun azahar. Na ma nuna masa inda suke, yanzu haka ya isa."

Tsohuwar ta kama ƙarfen taga da hannu biyu. Kuɗin suka zube ƙasa, ba ta ko kalle su ba. Ta dubi Wening ta ce:

"Ɗana ne, ni na haife shi, ni kuma na sace makullin babur ɗin na ba matarsa. Hular kwano ba ta shiga kan Rumini tun ranar da ya juye mata kaskon tafasasshen mai."